Ranar da na hau bayan 'yata a filin ƙwallo

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na hau bayan 'yata Sumayya a tsakiyar filin ƙwallo ba, ina da shekara arba'in da bakwai, da littafi soke a ƙugu, a gaban matan unguwarmu tara waɗanda ni da bakina na gayyato. Ko na so in manta ma ba za a bar ni ba, don akwai bidiyo.

Bari in ɗauko muku daga tushe, kada ku ce taɓuwa na yi.

Ni ban yi boko da ƙuruciya ba. Sai da na zo New York, na yi shekaru ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, sannan na shiga ajin manya a Bronx. Na kusa arba'in kafin in iya karanta takardar magani ba tare da na kira yaro ya duba mini ba. Wanda ya iya karatu tun yana ƙarami bai san nauyin rubutu ba. Ni da na sha wuya kafin in same shi, duk abin da na ga an buga a takarda na riƙe shi da hannu biyu. Na taɓa tsare mai gidan hayarmu a bakin ƙofa, na karanta masa yarjejeniyar haya layi bayan layi har ya gaji ya turo a gyara mana hita mai ɗumama ɗaki. Tun daga ranar na tabbata cewa mace in tana da takarda a hannu ba mai kayar da ita. (Ku riƙe wannan, shi ne ya kai ni ƙasa.)

Sumayya ita ce babbar 'yata, tana karatun nas. Mu zuriyar dogaye ne, ni da ita duk sai mun sunkuya in za mu shiga motar haya. Wata ƙawarta ta makaranta ce ta ja ta zuwa wata irin ƙwallo ta mutanen Ostireliya da wasu mata ke bugawa a filin shaƙatawa duk ƙarshen mako. Ba albashi, ba 'yan kallo, sai dai son wahala. Ƙwallon kamar gwanda take, ana bugunta da ƙafa ana naushinta da hannu, ga sanduna huɗu a kowane ƙarshen fili. In ta bi ta tsakiyar dogayen biyun, maki shida. In ta bi gefe, ɗaya.

Akwai wani abu a wasan da suke kira rak. In wasa ya cushe, ƙwallo ta maƙale a ƙarƙashin mutane, sai alkaliya ta hura usur ta ɗauka ta cilla sama. Dogaye biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, su yi tsalle, kowacce tana ƙoƙarin doke ta zuwa wajen 'yan ƙungiyarta. Wannan gurbin Sumayya take nema. Ƙungiyar za ta tafi gasa a wata jiha, mutum ɗaya za a ɗauka a matsayin babbar 'yar rak, ita da wata Baturiya mai suna Keti suke takara. Kociyarsu ta ce a wasan wannan Asabar ɗin za ta yanke. Yarinyar nan wata huɗu tana tashi da asuba tana gudu a kan wannan magana.

Yadda ni na shiga kuwa, likita ne ya ce jinina ya hau, in riƙa motsa jiki. Na fara bin Sumayya wajen atisaye ina zagaya fili. Su kuma kullum ba sa cika, ko kare ne ya gifta da tsawo za su ba shi riga. Kociya ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce ko zan taimaka. Na ce da dogon wando da ɗan hijabina. Ta ce ko da bargo ne. Aikina ɗaya ne: in tsaya a baya, in wata ta taho da gudu in zama bango.

Sumayya ta ce mini a hanya, da Turancinta (Hausa nake mata, Turanci take mayar mini, haka muke): "Mama, don Allah tsayuwar kawai. Kada ki ƙara komai a kai."

Na ce, "Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

To, akwai wani tsoho da nake kula da shi kwana huɗu a mako a can saman Harlem, Baba Kolin. Ya haura tamanin, ba ya tuna ko ya karya kumallo, amma yana tuna sunan karen maƙwabcinsu na ƙuruciya. Wata rana ina yanke masa farce na ce 'yata tana buga ƙwallon Ostireliya. Mutumin da sai na yi da gaske yake ɗaga kai daga kujera, sai ga shi ya miƙe zaune. Ashe can aka haife shi. Ashe ya buga wasan nan a garinsu kafin ya ƙaura, tun ban zo duniya ba.

Ya tambaye ni gurbin Sumayya, na ce rak. Ya ce in ɗauko masa lemon zaƙi guda da kwalaben magani uku. Ya jera biyu suna fuskantar juna, ya ce ga 'yan rak. Ya ajiye ta ukun can gefe. Ya ce, "Wannan ni ne. Su biyun suna can suna kokawa, kowa ya riƙe kowa, idonsu a sama. Ni sai in taho da gudu ta baya, in taka, in tashi sama da su duka, in naushe ƙwallon ta yi nisa. Mutum na uku ke nan. Ba wanda yake ganin zuwansa." Ya cilla lemon, ya doke shi da kwalbar, lemon ya gangara ƙarƙashin gado. Rabon da in ga haƙoransa a waje haka har na manta.

Sannan ya sa na jawo wani akwati daga ƙasan kabad, ya ciro ɗan ƙaramin littafin dokokin wasan, takardunsa sun yi ja, gefe-gefe duk rubutunsa ne da fensir. Ya ce in riƙe.

Ku gane halin da na shiga. Littafi. Bugagge. Daga ƙasar masu wasan, daga hannun wanda ya buga da ƙafarsa. Na haddace shi a jirgin ƙasa mai lamba shida tsakanin unguwarmu Soundview da wurin aiki, ina karantawa ina motsa baki, yadda muke hadda a makarantar allo. Na bi shi daga bango zuwa bango ina neman inda aka hana mutum na uku, babu. Na fara gwajin tsalle a falo, ina cilla filo sama ina naushi, har matar da ke ƙasanmu ta fara dukan silin ɗinta da tsintsiya.

Sumayya ta ga littafin a kan tebur ta juya shi ta ce, "Mama, dokokin suna cikin waya fa, kociya ta tura wa kowa. An canza abubuwa da yawa, musamman ma a…"

Na ce, "Abin waya da kowa ke gogewa ya sake rubutawa? Wannan littafi ne. Je ki ɗora mini ruwan zafi."

Ban faɗa mata maganar mutum na uku ba. Na ɓoye ne don in ba ta mamaki. A lissafina, ranar zaɓe in abu ya yi tsanani zan sauko daga sama in cece ta, kociya ta ga irin gidan da yarinyar ta fito. Wani abu kuma da na lura da shi a atisaye: kafin a cilla ƙwallo, 'yan rak ɗin biyu sukan ɗaga hannu, alkaliya ta nuna su ta kira su. Ni na ɗauka gaisuwa ce irin ta masu tarbiyya. Har na yaba a raina.

Ranar Asabar na zo da tawaga. Hajiya Memuna, 'yar Kumasi da ke sayar da wake da shinkafa a unguwarmu, ta zo da kula biyu da tabarma. Sauran suka zo da kujerun naɗi da lema, kamar masu zuwa suna. Ƙungiyar da ta zo daga wani gari don karawa da mu ba ta taɓa ganin 'yan kallo haka ba, suka yi ta ɗaga musu hannu. Hajiya Memuna ta dube ni cikin riga mai lamba ta ce, "Ei, Maman Sumayya, wannan riga ta ɗanka ce ko ta matse ne?" (Mutanen Kumasi kowa namiji ne a bakinsu, mun saba.) Na ce ta zauna ta ga aiki. Littafin yana soke a ƙuguna, ƙarƙashin riga.

Gaskiya Sumayya ta yi wasa a ranar. Kociya tana musanya ta da Keti, amma duk sanda aka sa tawa sai ka ga bambanci. 'Yar rak ɗin baƙin wata ƙatuwa ce mai jan gashi, amma Sumayya tana riga ta tashi, ta ɗan taɓa ƙwallon da yatsu ta sauke ta daidai ƙirjin 'yar ƙungiyarmu. Kociya tana ta rubutu a ɗan allonta tana gyaɗa kai. Ni kuma ina baya ina aikin bango. Mutum biyu sun yi karo da ni sun zauna. Da na tsaya a nan, da yau labarin kirki nake ba ku.

Saura kamar minti ɗaya a tashi, muna gaba da maki uku. Ƙwallo ta cushe a gaban sandunanmu, taku ashirin bai fi ba. Usur. Alkaliyar wata 'yar siririya ce mai gilashi, ba ta wuce sa'ar Sumayya ba. Sumayya ta ɗaga hannu, mai jan gashi ta ɗaga, alkaliya ta nuna su. Kowa ya ja baya ya ba su wuri. Na duba, hanya fetal daga inda nake har bayan 'yata. Na ce a raina, ji sakarkaru, ba wanda ya karanta littafi a cikinsu.

Na yi bisimilla na taho.

Baba Kolin ya ce a taka a tashi. Bai faɗa mini nauyinsa a lokacin da yake tashin ba, ni ma ban faɗa masa nawa ba. Na taka. Gwiwata ta sauka a tsakiyar bayan Sumayya daidai lokacin da ta miƙe hannu, ƙwallon tana dab da yatsunta. Na dafa kanta. Na kai wa ƙwallon naushi da dukkan ƙarfin da Allah Ya ba ni, kuma na same ta, wannan kam ba mai ƙwace mini. Ta tashi ta wuce layi ta faɗa cikin kular Hajiya Memuna. Mu kuma muka zube mu uku, mai jan gashi a ƙasa, Sumayya a tsakiya, ni a sama kamar murfin tukunya.

Matan unguwarmu suka saki guɗa. Su a ganinsu ci aka yi. Na miƙe na ɗaga musu hannu biyu.

Sai na ji usur, dogo. Alkaliya ta nuna ni, ta nuna ɓangaren baƙi. Firikik, a gaban sandunanmu.

A nan ne mai hankali zai yi shiru. Ni sai na ɗaga riga na zaro littafi.

Na ce, "'Yata, tsaya. Me na yi?"

Ta ce, "Mutum biyu aka zaɓa, su kaɗai ke da izinin taɓa ƙwallon. Ke ba ki ciki."

"Wa ya zaɓe su?"

"Sun ɗaga hannu, na kira su. Kina wurin."

"Wannan ai gaisuwa ce."

Wata a bayana ta yi wani sauti kamar ta shaƙe. Sumayya tana durƙushe tana tofar da ciyawa, ta ce da Hausa, Hausar da rabon da in ji ta a bakinta tun tana firamare: "Mama, ki bari. Don girman Allah ki bari."

Ban bari ba. Na buɗe littafin na ɗaga shi sama yadda kowa zai gani, na ɗaga murya yadda har masu tabarma za su ji. Na ce ni ba a yi mini fin ƙarfi, na yi karatu, ga doka a rubuce daga ƙasar da aka ƙirƙiro wasan. Na karanta mata sashen rak gaba ɗaya, rabi daga takarda rabi da ka. Na ce ta nuna mini layi ɗaya da ya hana mutum na uku, in ta nuna in cire rigar nan in tafi gida. Hajiya Memuna daga can tana cewa, "Gaya masa, Maman Sumayya. Karanta masa."

Yarinyar nan ba ta yi fushi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ta karɓi littafin da hannu biyu, a hankali, kamar kayan gado. Ba ta buɗe inda nake nuna mata ba. Ta buɗe shafin farko, wanda ke bayan bango, mai ƙananan rubutu, wanda ni kullum nake tsallakewa don na ɗauka ba karatu a ciki. Ta ɗora yatsa a kan shekarar da aka buga shi.

Ta ce, "Anti, lokacin da aka buga wannan, mahaifiyata ba ta shiga makaranta ba. Da ana yi, gaskiyarki. An hana ne tuntuni. Ana hawa bayan 'yan rak ana ji musu ciwo, dogaye kuma sun zama ba su da amfani tunda kowa zai iya faɗowa ta sama. Shi ya sa yanzu ake zaɓen biyu a bar su su gwada tsawonsu." Ta dubi Sumayya da ke dafe da baya. "Dokar don kare irinta aka yi."

Ta miƙo mini littafin ta ƙara da cewa yana da kyau, in adana shi.

Ban san filin ƙwallo yana iya yin shiru haka ba. Mutum talatin da wani abu, ba mai tari. Sai ƙarar cokalin Hajiya Memuna tana ciro ƙwallo daga cikin wake. Aka goge ta da tawul aka miƙa wa mai jan gashi. Ta ja baya, ta buga, ta bi ta tsakiyar dogayen sanduna ko gefe ba ta taɓa ba. Aka busa tashi. Sun ci mu da uku.

A jirgi Sumayya ta zauna can nesa da ni, da ƙanƙara a ƙeya. Muka sauka, tana gaba ina baya. Sai a matakalar gidanmu ta tsaya ta ce, "Yau na yi wasan da ban taɓa yin irinsa ba. Ba wanda zai tuna." Ta shige ɗaki.

Mu iyaye mata ba mu iya cewa yi haƙuri ba. Abin da muka iya shi ne, kin ci abinci? Na yi mata dambun nama, na yi funkaso, na yi kunun gyaɗa. Ta ci, don ba ta gaba da abinci, amma ba ta dube ni ba.

Ranar Litinin na ba Baba Kolin labari. Da na zo wurin an hana mutum na uku, ya ɓata rai ya ce sun lalata wasa. Da na zo wurin gwiwata a bayan Sumayya, ya ce, "Bayan 'yar ɓangarenku kika hau? Na abokan hamayya ake hawa." Ya yi dariya har sai da na kawo masa ruwa. Wato ko a tsohuwar dokar ma ban ci jarrabawa ba.

Ranar Talata na je filin atisaye ba rigar wasa ba takalmin ƙwallo, da atamfata da mayafi. Na sami kociya a gaban kowa, don a gaban kowa na yi abin. Na ce laifina ne, yarinyar ta gargaɗe ni na ce ta ɗora ruwan zafi, kada a hukunta ta da haukan uwarta. Sannan na juya wajen Sumayya na faɗi kalmar nan, yi haƙuri, da bakina, da Hausa. Ta yi nauyi kamar buhun shinkafa, amma ta fito.

Kociya ta ce ta riga ta yanke tun kafin minti na ƙarshe, Sumayya ce. Ta ce ta kalli bidiyon sau da yawa (kowa ya kalla sau da yawa, har Kumasi ya kai), kuma abin da ta gani shi ne yarinyar tana ɗauke da ni a baya amma hannunta bai daina neman ƙwallo ba. Keti ma ta zo ta rungume ta. Ni kuma aka ce ana maraba da ni kullum, daga bayan layi.

Muka kama hanya ni da Sumayya har tashar jirgi. Ta ce, "Tsallen dai kin yi shi, Mama. Ban san kina iya barin ƙasa ba."

Na ce, "Rufe mini baki." Ta riƙe mini jaka.

Har gobe ina girmama takarda, wannan ba zan fasa ba. Amma yanzu duk abin da aka miƙo mini, ko takardar coci ce ake rabawa a bakin tasha, sai na fara juya shi na nemi shekararsa kafin in buɗe baki. In kuma ɗaya daga cikin 'ya'yana ya ce, "Mama, an canza," ina barinsa ya kai ƙarshen maganar. Ruwan zafin ya jira.